Kundin Jinya: Horon Natsuwa da Allurar Sinawa Bayan Tiyatar Ƙashin Baya

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024

An yi mini aiki a ƙashin baya ranar Talata, 29 ga Oktoba, kuma wannan rubutu a tsaye nake yin sa, domin zama shi ne abin da ya fi ba ni wahala a yanzu. Hoton MRI ya nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar ta ƙugu, waɗanda likitoci ke rubutawa L4 da L5, ya fashe ya turo waje, yana danne jijiyar da ke gangarawa ta ƙafar hagu har zuwa babban yatsa. Likitan ya kwatanta mini faifan da gammon mai talla, wanda idan ya goce daga inda aka aje shi kaya sai su zauna a kan abin da bai kamata ba. Ya yanke ɓangaren da ya turo, bai saka ƙarfe ba.

Zugin da ke tsarga mini ƙafa ya ragu sosai tun ranar da na farfaɗo, amma saman ƙafar har yanzu a sage yake, kuma wurin ɗinkin yana da nasa ciwon. Dokokin da aka sallame ni da su na mako shida ne: kada in sunkuya, kada in ɗauki abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi, kada in murɗa ƙugu, kada in wuce minti 20 a zaune, sannan in riƙa tattaki kullum. Magunguna kuwa farasitamol ne, da firigabalin na jijiya, da taramadol mai miligiram 50.

Taramadol ɗin ne dalilin buɗe wannan kundi. Ni malamin sakandare ne a Zariya, kuma na ga yadda wannan ƙwaya ta lalata yara masu ƙwaƙwalwa a Tudun Wada da Sabon Gari. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magungunan kashe ciwo ba bisa umarnin likita ba, don haka ba na son in daɗe da ita a gidana ko da takardar likita. Babbar 'yata, wadda ke karatun jinya, ita ta kawo shawarar abubuwa biyu da za a haɗa da maganin asibiti: horon natsuwa, da tsira allurai irin na Sinawa da ake kira akufanca. Da muka tambayi likitan, ya ce: "Malam, na farkon ka fara yau ma idan ka so. Allura kuwa ba yanzu ba, sai ciwon ya rufe sarai, kuma ko a lokacin kada kowa ya soka maka komai a kan tabon." Burina uku ne: in rabu da taramadol kafin ƙarshen shekara, in sa goshi a ƙasa a salla, in koma aji a zango na biyu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An cire zaren ɗinki. Keke Napep na ɗauka shata, na kishingiɗa a kujerar baya, naira 6,000 zuwa da dawowa. Wankin ciwo da bandeji naira 3,500.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na fara horon natsuwa. Tsarin da 'yata ta samo shi ne wanda wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya kafa a shekarar 1979 a asibitin Jami'ar Masacusets ta Amurka, domin marasa lafiyar da ciwonsu ya ƙi jin magani. A can mako takwas ake yi, ana haɗuwa a aji sau ɗaya a mako, sannan kowa ya yi kimanin minti 45 kullum a gida. Mu ba mu da aji, saboda haka ita take karanta umarnin da Hausa ta ɗauka a waya, ni kuma in saurara a kwance, filo a ƙarƙashin gwiwoyina.

Kafin in fara na nemi jin ta bakin limamin unguwarmu, saboda ba a ɓoye yake ba cewa mai tsarin ya ɗauko dabarar ne daga ibadar mabiya addinin Buda, sannan ya cire ta daga addinin ya mayar da ita aikin asibiti. Liman ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, ya ce bai ji an kira sunan wani abin bauta ba, bai ji wata kalma da ake maimaitawa ba, lura da numfashi da gaɓoɓi kawai ya ji, kuma bai ga laifi a hakan ba muddin bai maye gurbin zikiri ba. Ya ƙara da cewa wanda ya iya tsare hankalinsa wuri ɗaya na minti goma zai ga amfaninsa a sallarsa.

Aikin da sauƙin faɗi: ka kai hankalinka kan yatsun ƙafa, ka lura da abin da kake ji a wurin, ka hauro sannu a hankali har ka kai ka, duk lokacin da tunani ya ɗauke ka ka dawo ba tare da ka yi wa kanka faɗa ba. A aikace, da zarar na iso ƙugu sai hankalina ya bar jikin ya tafi lissafin bashin tiyata, ko ya tafi kan maƙwabcinmu na dā da aka yi wa aikin baya bai sake tafiya ba. Minti 45 ya fi ƙarfina. Mun rage shi zuwa 15, bayan sallar asuba da kuma kafin barci.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Tattaki daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci da dawowa, safe da yamma. Salla a kan kujera. Taramadol sau biyu a yini.

Talata, 26 ga Nuwamba

An samu koma baya. Tun ranar Asabar ƙasan tabon ya yi ja ya ɗauki zafi, daren Lahadi kuma uwargida ta ga ruwa ya ɓata bandejin, na kwana da zazzaɓi. Jiya muka koma asibiti. Likitan ya fara tambayata ko ruwan fari ne tas kamar na famfo, da ko kaina yana sarawa idan na miƙe, domin hakan yana iya nufin ruwan laka ne ke yoyo. Ya kuma tambaya ko fitsari yana ƙwace mini ko tsakanin cinyoyina ya sage, ya ce duk ranar da na ga ɗaya daga cikin waɗannan biyun in zo ko da tsakar dare ne, kada in jira wayewar gari. Babu ko ɗaya, Alhamdu lillahi. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga saman fata, ba su yi zurfi ba. An ɗebi ruwan don gwaji, an ɗebi jini, an rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwaji da magani sun ci naira 31,000 da ba ta cikin lissafi, kuma an ɗage maganar allura sai abin da hali ya yi.

Da labari ya kai cikin birni, Yaya ya zo dubiya daga Ƙofar Doka tare da shawararsa. Ya ce: "Wannan mataccen jini ne ya taru. Bari in turo maka wanzamin gidanmu ya yi maka ƙaho a wurin, ka ga ikon Allah." Na ce: "Yaya, Allah ya bar zumunci, amma likita ya hana a taɓa wurin, ko allurar Sinawan ma da nake nema ya hana." Ya yi dariya ya ce ashe na yarda da wanzamin Sin na ƙi na Zazzau. Maganarsa ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba, domin Sinawan ma suna yin ƙaho, kuma ni ban raina sana'ar da aka yi wa iyayenmu ba. Sai dai tsaga fata a gefen ciwon da ke ruwa, ɗan tazara kaɗan daga laka, abu ne da ba zan yarda da shi ba ko wane ne zai yi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ciwon ya bushe. Tun makon jiya aka fara janye taramadol bisa tsarin likita: ƙwaya ɗaya da dare kawai na mako guda, daga nan a riƙa tsallake dare ɗaya, sannan a daina. Ya gargaɗe ni cewa jiki yana sabawa da ita ko da mutum bai wuce ƙa'ida ba, kuma yanke ta rana ɗaya yana kawo gumi da hamma da rashin barci.

Daren da aka fara tsallakewa shi ne mafi tsanani tun bayan tiyata. Wajen ƙarfe biyu na farka, ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya, hanci yana zuba, ƙugu yana zugi, kuma kwalin maganin yana kan tebur inda hannuna zai kai. Na kunna muryar 'yata. A wannan daren ne na fara fahimtar abin da horon yake koyarwa, domin da na tsayar da hankali a kan ciwon kansa sai na tarar ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai zafi mai faɗin tafin hannu a hagun tabon, wanda ke ƙaruwa yana raguwa. Akwai tsukewar naman baya, wadda ni nake yin ta da kaina saboda tsoro, kuma tana saki idan na fitar da numfashi a hankali. Sannan akwai zancen zuci, mai cewa aikin ya lalace, za a sake yanka ni, kuɗin sun tafi a banza. Na ukun nan shi ya fi na farko azaba, alhali babu jijiyar da ke ɗauke da shi. Ciwon bai tafi ba. Abin da ya faru shi ne na iya kwanciya tare da shi har aka kira assalatu ban buɗe kwalin ba.

Talata, 10 ga Disamba

Ganin likita na mako shida. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, babban yatsan hagu ya fi dā ƙarfi amma bai kamo na dama ba. Ya ce jijiyar da ta daɗe a danne tana ɗaukar watanni kafin ta farfaɗo, wani lokacin ma sagewar ba ta gushewa duka. Ya tura ni sashen gashi, wato inda ake gasa gaɓoɓi da motsa su, naira 5,000 kowane zuwa, kuma ya ba da izinin allura.

Asabar, 21 ga Disamba

Taramadol ta ƙare tun ranar Litinin. Yau aka fara allura, a Kaduna, wurin wata likitar gashi da ta yi ƙarin horo a kan wannan fanni. Ƙanena ya kai ni a motarsa, na kwantar da kujerar gaba, muka tsaya a hanya na sauka na taka.

Na lura da abubuwan da 'yata ta ce in lura da su. Alluran a cikin leda suke a rufe, a gabana ta ɓare su, bayan an gama kuma ta zuba su a kwalin zubar da allura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Ta tambaya ko ina shan maganin tsinka jini, ta karanta takardar tiyata, ta duba tabon ta ce ba za ta kusance shi ba. Alluran sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai fi rubu'in milimita ba, kuma ba su da rami a ciki domin ba a ɗura komai da su. Ta tsira su a gefe biyu na baya can sama da tabon, da ɗuwawun hagu, da bayan gwiwa, da gefen ƙwauri. Shigarsu ba ta da zafi, amma idan ta ɗan murza sai in ji wani nauyi mai tsami yana yaɗuwa a cikin naman, wanda ta ce shi ake nema. An bar su minti 20.

Na tambaye ta yadda abin yake aiki. Ta ce: "Baba, bayani biyu ne. Sinawa na dā sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, allura tana buɗe inda ya toshe, kuma an daidaita wurare 361 da ake sokawa. Masu ilimin jijiya kuma sun ce sukar tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe ciwo, tana kuma rage saƙon ciwo a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ni na biyun na karanta a makaranta." Na ji daɗin wannan amsa, domin ba ta yi mini alkawarin warkar da jijiya ba. Na sauko daga gadon bayana sakayau. Kuɗin zama naira 15,000, man mota naira 20,000.

Litinin, 23 ga Disamba

Sauƙin bai kai gida ba. Tsakanin Kaduna da Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, titin kuma ba laifi, amma mun tarar da cunkoso a Kwangila, ga ramukan cikin unguwa, na daɗe a mota fiye da yadda baya mai mako bakwai da aiki zai ɗauka. Daren Asabar zugin ƙafar da na manta da shi ya dawo har ƙwauri, jiya ko masallaci ban je ba. Na kira likitan a waya, ya sake yin tambayoyinsa na fitsari da ƙarfin ƙafa, ya ce jijiyar ce ta fusata saboda dogon zama, in ci gaba da farasitamol da firigabalin, in riƙa gajeren tattaki a tsakar gida, kada in kwanta yini guda. Uwargida ta ce a nemo taramadol ko guda biyu a kemis, na ce a bari mu ga gobe. Yau zugin ya janye zuwa cinya.

Lissafin a bayyane yake: minti 20 na allura ba zai biya awa uku na mota ba. An dakatar da Kaduna.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kwanakin hutun nan na sa 'yata ta nemo mini abin da bincike ya ce, muka karanta tare, domin kafin in sake kashe kuɗi ina son in san me nake saya.

A Jamus an yi wani babban gwaji da aka buga a 2007, mai suna GERAC, da mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sinawa, kashi 47.6 cikin ɗari sun samu sauƙi bayan wata shida. Waɗanda aka yi wa ta bogi, wato aka soka sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44.2. Waɗanda aka bari da magani da gashi na yau da kullum, kashi 27.4. Mai koyar da kimiyya ba zai kasa ganin abu biyu a nan ba: allura ta fi kulawar da aka saba, amma wurin da aka soka bai yi wani tasiri ba. Shi ya sa hukumomi suka rabu. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a yi wa mai ciwon baya allura, ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP kuma ta sa ta a 2017 cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani, tare da horon natsuwa. Inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta fara biyan kuɗinta a 2020, amma ta ware ciwon bayan da ke da alaƙa da tiyata, wato irin nawa.

Horon natsuwa kuwa, gwajin da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2016 da mutum 342 ya nuna kimanin kashi 61 na waɗanda suka yi shi sun samu ci gaba a harkokinsu na yau da kullum bayan mako 26, a kan kashi 44 na waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Su ma masu daɗaɗɗen ciwo ne, ba waɗanda aka yi wa aiki ba, kuma da malami suka koya, ba da waya ba.

Hukuncina shi ne allura ta cancanci gwaji na ƙayyadadden lokaci idan tana kusa kuma ba ta ci kuɗin gashi ba. Idan kuɗi ya ƙaranta, ita za a fara yankewa.

Litinin, 13 ga Janairu

An koma makaranta ba da ni ba. Shugaban makaranta ya ƙara mini wata guda. Hunturu ya tsananta, baya yana sandarewa da asuba, na mayar da tattaki zuwa hantsi. Likitar Kaduna ta haɗa ni da wani abokin aikinta da ke yin allura da yamma a Samaru, naira 10,000, tafiyar da ba ta kai minti 20 ba. Sau ɗaya a mako.

Juma'a, 24 ga Janairu

Mai gashi ya gano abin da ni ban gani ba. Ya ajiye biro a kan benci ya ce in ɗauka, sai ya ga na riƙe numfashi na sandare tun kafin in motsa. Ya ce dokar hana sunkuyo ta mako shida ce, ga shi muna mako na goma sha biyu ina nan ina bin ta, kuma tsoron motsi yana cikin abubuwan da ke hana mutane komawa aiki bayan irin wannan tiyata ko da aikin ya yi kyau. Ya koya mini lanƙwasa gwiwa da ƙugu tare, baya a miƙe, sannan muka bi matakan salla ɗaya bayan ɗaya a kan katifar sashen: ruku'u da hannu a kan cinya, durƙuso da dafa kujera, sannan sujada.

A nan horon natsuwa ya yi aikin da ban ɗauke shi don shi ba. Da na durƙusa, tsukewar nan ta zo, na gane ta domin na saba kallonta da dare, na fitar da numfashi na jira ta saki, sannan na ƙarasa. Abin da na ji a ƙugu jan nama ne da ya daɗe bai miƙe ba, ba zugin jijiya ba, kuma yanzu ina iya bambance su. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba a zaune, wanda bai iya ba a kan gefensa, kuma da shi na yi ta lallashin kaina tun Oktoba. Duk da haka la'asar ɗin yau a ƙasa na yi ta, a gida, kujera tana gefe don tashi. Zaman tahiya bai samu ba tukuna, a nan nake komawa kujera.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Allurar Samaru tana ba ni sauƙin tsamin baya na yini biyu zuwa uku, barcin daren da aka yi ta kuma yana da nauyi, daga nan komai ya koma yadda yake. Sagewar saman ƙafa ba ta canza da ita ba. Ta ragu daga faɗin ƙafar zuwa babban yatsa da na kusa da shi, amma a hankali take raguwa tun Disamba, da allura da babu. Ba zan iya rantsewa cewa sauƙin daga alluran yake ba ko daga kwanciyar minti 20 a ɗaki shiru ana kula da ni, kuma sakamakon Jamus bai ba ni dalilin rantsuwa ba.

Abin da aka kashe bayan sallama daga asibiti, ban da kuɗin tiyata: gashi naira 70,000, allura da zirga-zirgarta naira 87,000, magunguna da gwaji da wankin ciwo naira 96,000. Horon natsuwa bai ci ko kwabo ba, yanzu ina yin minti 25 ba tare da waya ba, ko da yake akwai ranakun da barci ke sace ni tun ban wuce gwiwa ba.

Shirin gaba: zan koma aji ranar Litinin, 17 ga wata, darasi biyu a rana, a tsaye, kuma an yarda ɗalibi ya riƙa ɗaukar mini littattafai. Babur sai likita ya gani a watan gobe. Allura za ta tsaya a ƙarshen wannan wata, in yi watan azumi babu ita ina rubuta yadda bayan yake kowace safiya, domin in ga ko rashinta zai nuna. Idan bai nuna ba, kuɗinta zai koma gashi. Firigabalin za a fara rage shi a hankali kamar yadda aka yi wa taramadol, kuma zan tambayi likita yadda za a raba shansa tsakanin sahur da buɗa baki. Tarawihi zan fara ta a kujera a ƙarshen sahu, mai gashi ya ce a ƙara raka'o'in tsayuwa biyu-biyu gwargwadon yadda ƙafar ta kwana.